Shari'ar Manya Tana da Wa'adi, Ta Talaka Fa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan shari'o'in da suka cika kotunan Kano, musamman yadda wasu ke gudu wasu kuma ke rarrafe.

Duk mun shaida shari'ar zaɓen gwamna. A watan Satumba na 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 daga cikin na Injiniya Abba Kabir Yusuf, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sahunta a Nuwamba, sannan Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin duka biyun a ranar 12 ga Janairun 2024. Kotu uku suka gama aikinsu cikin ƙasa da shekara guda, domin sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya yanka wa kotun farko kwana 180, ya yanka wa kowace ta sama kwana 60, kuma babu alƙalin da ya isa ya tsallake.

Rikicin masarauta kuwa ya nuna mana abin da kan faru inda babu wa'adi. Tun da Majalisar Dokoki ta soke dokar masarautu ta 2019 a watan Mayun 2024, Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jiha suka riƙa ba da umarni masu karo da juna, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ta tarayya ba ta da hurumi a maganar sarauta, aka kuma garzaya Kotun Ƙoli. Su dai manya ne, suna da manyan lauyoyi da kuɗin jira.

Mu kuwa shekara ta shida ke nan muna sintiri a wata kotu a kan gidan gado mai ɗaki huɗu a cikin birni. Yau a ce alƙali ya tafi taro, gobe a ce lauyan ɗaya ɓangaren yana da wata shari'a a Kaduna, wata rana kuma fayil ne ba a gani ba. Gwaggona, wadda ita ce babbar shaida, takan yi sammako ta hau adaidaita da takardar cinikin gidan a naɗe cikin leda, ta wuni a kan benci, a ƙarshe magatakarda ya leƙo ya faɗi sabuwar rana. Allah ya yi mata rasuwa bara ba ta ba da shaidarta ba, soron gidan kuma damina ta kayar da shi.

Namu ma da sauƙi, tun da a gida muke kwana. Masu jiran shari'a a gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse, waɗanda aka tsare a kan ƙaramin laifi suka kasa cika sharuɗan beli, su ne abin tausayi, alhali dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta taƙaita ɗage zama ga kowane ɓangare zuwa sau biyar, Kano ma ta yi tata dokar a 2019.

Don haka ina kira ga Babbar Jojin Jiha da Alƙalin Alƙalai da Majalisar Dokoki da su sanya wa shari'ar gado da ta fili da ta bashi wa'adi bayyananne, su kuma sa lauyan da ya ƙi halarta ba da uzuri ba ya biya ɗaya ɓangaren kuɗin mota da na wuni. An sake ba mu rana bayan Babbar Sallah.

Naka,
Wani mai karatu daga Ƙofar Mata, Kano