Labarin Laconia Bai Ƙare a Daren da Ya Nutse Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili in yi ƙarin bayani game da jirgin ruwan Laconia, domin a duk lokacin da aka ambace shi cikin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, akan tsaya ne a kan cewa Jamusawa sun nutsar da shi, alhali abin da ya biyo baya ya fi nutsewar nauyi.

Laconia jirgin fasinja ne na kamfanin Cunard na Ingila, ya fara aiki a 1922, daga baya gwamnati ta karɓe shi ta ɗora masa bindigogi ta mai da shi na jigilar sojoji. A daren 12 ga Satumba 1942 yana kan hanyarsa daga Suez zuwa Ingila ta Cape Town, ɗauke da mutane kusan 2,700, ciki har da fursunonin yaƙi 'yan Italiya kusan 1,800 da mata da yara, sai jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-156 ya harbe shi a Tekun Atlantika, arewa maso gabashin tsibirin Ascension. Kyaftin ɗinsa, Rudolph Sharp, wanda shi ne ya jagoranci jirgin ruwan Lancastria lokacin da aka nutsar da shi a 1940, bai tsira ba wannan karon.

Da kwamandan U-156, Werner Hartenstein, ya gane cewa akasarin masu ihu a cikin ruwa 'yan Italiya ne, wato ƙawayen ƙasarsa, sai ya shiga tsamo mutane ba tare da duba ƙasarsu ba. Ya kuma aika saƙon rediyo da Turanci a fili, yana bayyana inda yake, yana alkawarin ba zai taɓa duk jirgin da ya zo ceto ba. Wannan kasada ce babba ga jirgin da rayuwarsa ta dogara ga ɓuya. Wasu jiragen ƙarƙashin ruwa biyu na Jamus da ɗaya na Italiya suka zo taimako, suna jan kwale-kwalen ceto.

A ranar 16 ga Satumba, jirgin saman yaƙin Amurka da ya taso daga Ascension ya ga tutar Red Cross shimfiɗe a kan U-156, ya nemi umarni, aka ce masa ya kai hari, ya kuwa zuba bama-bamai a inda waɗanda aka ceto suke. Dole Hartenstein ya sauke su cikin teku ya nutsa. Jiragen ruwan Faransa da suka taso daga Dakar da wasu tashoshin Afirka ta Yamma ne suka kwashe mafi yawan kimanin 1,100 da suka rayu.

Washegari Admiral Karl Dönitz, babban kwamandan jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus, ya haramta wa kwamandojinsa ceton mutanen jiragen da suka nutsar. Ba ina wanke Dönitz ba ne, hidimar gwamnatin Hitler ya yi har ƙarshe. Amma da aka gabatar da wannan umarni a kotun Nuremberg, inda aka gurfanar da shugabannin Jamus bayan yaƙin, shaidar Admiral Chester Nimitz, kwamandan sojojin ruwan Amurka a Tekun Fasifik, ta nuna cewa Amurka ma haka ta yi yaƙin ƙarƙashin ruwa a Tekun Fasifik, saboda haka kotun ba ta gina hukuncin shekara 10 da ta yanke masa a kan wannan laifi ba. Hartenstein kuwa bai kai ga wata kotu ba, domin an nutsar da U-156 da duk mutanensa a watan Maris 1943 a gabashin Barbados.

Naku mai karatu,
daga Zariya