Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi Kan Halin Gidan Likitar Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa gadon Ɗan Kasawa albarka. Mu talakawanka, dattawa da limamai da iyaye mata na ɗaya daga cikin unguwannin gefen birnin Maradi, muna neman afuwa bisa wannan kuka da muka kawo ƙofar fada, domin an kai mu bango.

A daren Jumma'ar da ta gabata naƙuda ta kama wata ƴarmu, aka kai ta gidan likitar unguwa bayan sallar isha'i, sai aka tarar da ɗakin haihuwa a kulle, babu kowa sai mai gadi. An buga wa ungozoma waya ba ta shiga ba, majo, wato shugaban gidan likitar, kuma aka ce ya yi tafiya. Kafin a samu adaidaita, ga ruwan sama ya cika hanya, ta haihu a baranda a hannun mata maƙwabta. Jaririn bai zo da rai ba, uwar kuma har yanzu tana kwance. Mun yarda da ƙaddara, amma ƙofar nan mutum ne ya kulle ta, kuma har muka rubuta wannan takarda babu wani jami'i da ya zo ya tambayi wanda ke kan aiki a wannan dare.

Allah ya ba ka nasara, abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne doka tana nan. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, sannan a watan Agustan 2024 hukumomi suka rage rabin kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati, suka ce haihuwa ba a biya. Mu a rediyo muka ji wannan. A ƙasa kuwa, mace takan zo da katinta na asibiti a miƙa mata takardar magani ta je farmasi, ta sayo safar hannu da auduga, wani lokaci har da maganin zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina, kuma abin da ta biya a ciki ba a ba ta rasit.

Mun yi magana da kwamitin kula da gidan likitar, mun je wurin mai unguwa, mun kai takarda ofishin magajin gari, kullum amsar ita ce za a duba. Ba mu ce duk laifin ma'aikata ba ne. Mun san ungozoma ɗaya ba za ta iya dare da rana ba, mun san wasu ƴan sa-kai ne da ba su da albashi, kuma su ma suna kukan cewa kuɗin maganin kyauta ba ya dawowa daga gwamnati a kan lokaci. To amma idan masu sa ido sai sun aiko da sanarwa kafin su zo, a share fili a jera kujeru, me za su gani?

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya isar da kukanmu ga Gwamnan jiha da daraktan kiwon lafiya, a binciki abin da ya faru a wannan dare, a faɗa wa iyalan gaskiya. Muna roƙon a ƙaro ungozoma, a liƙa jerin masu kwanan aiki a bakin ƙofa, a rubuta da Hausa abin da ake biya da wanda ba a biya. A riƙa zuwa bincike ba zato, musamman da dare. A sabunta kwamitin kula, a sa mata a ciki. Sannan, muna sake roƙo, a binciki daren Jumma'ar nan, kuma kada a tsangwami matan da za su ba da shaida.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Daga talakawanka masu biyayya,
dattawa, limamai da ƙungiyar matan unguwa.