Kafin a ɗaura tsohon lens a kyamarar zamani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin matasa masu ɗaukar hoto da ke sayen lens na zamanin fim saboda arha. Gilasan suna da kyau, amma ba kowanne ke zama a kan kowace kyamara ba.

Abin da za a fara dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin bakin kyamara, inda ake ɗaura lens, da sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Kowane irin baki da tasa tazarar, kuma kowane lens da bakin da aka yi shi dominsa. A Canon EF milimita 44 ce, a Nikon F 46.5, a M42 mai zare da Pentax K kuwa 45.46. Idan tazarar lens ta fi ta kyamara, zoben adafta zai cike gibin. Shi ya sa lens masu bakin M42, kamar Helios 44-2 na Tarayyar Sobiyet ko Takumar, ke zama lafiya a Canon EF. A Nikon F kuwa, M42 zai ɗaura da adafta, amma abu mai nisa ba zai taɓa fitowa tar ba, domin tazararsa ba ta kai ta kyamarar ba. Haka Canon FD (42) da Minolta MD (43.5) a kan Canon EF. Akwai adafta mai gilashi a ciki don wannan matsala. A ganina asarar kuɗi ce, domin yana dushe hoto, musamman idan an buɗe ƙofar haske gaba ɗaya.

Masu Nikon su kula sosai. Lens ɗin da aka yi kafin 1977, wanda ba AI ba (AI shi ne tsarin Nikon da ke sanar da kyamara buɗin ƙofar haske), yana iya lanƙwasa ɗan harshen da ke gefen bakin kyamarori irin D7000 ko D700. Idan ya cije, a bar shi. Ƙananan kamar D3200 suna karɓa, sai dai ba sa auna haske, dole a mayar da kyamara kan M, wato saitin hannu, a gwada a duba. A Canon 5D kuma, bayan wasu lens yana taɓa madubi idan an kai saiti ƙarshen nisa.

Yadda ake aiki: a buɗe ƙofar haske duka, a kunna allon baya, a ƙara girma sau 10, a juya zoben saitin nisa na lens har idon wanda ake ɗauka ya fito sarai, sannan a rage buɗin ƙofar zuwa lambar f/5.6 ko f/8 a auna haske a ɗauka. Idan M42 ne mai maɓallin A/M a gefensa, a mayar da shi kan M, in ba haka ba ƙofar na iya ƙin rufewa. A tuna kuma lens mai 50mm a Canon mai ƙaramar sensa yana gani kamar 80mm. Ya dace da hoton amarya, amma ba zai kwashi taron ɗaurin aure a ƙaramin zaure ba.

Wajen saye, a haska tocila ta bayan gilashi. Zare-zare kamar yanar gizo-gizo funfuna ce, danshin damina ke kawo ta. Maiƙo a kan ganyen ƙofar haske yana sa ta nauyin rufewa. Da hunturu kuma a juya bakin kyamara ƙasa yayin canza lens, saboda ƙura.

Wassalam.

Mai karatu,
daga Zariya