Matuƙan jiragen saman sojan ruwa: wa ya koyar da su, wa ya tsamo su daga teku?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta makalar da kuka buga kan Yaƙin Duniya na Biyu a tekun Fasifik, kuma marubucin ya yi ƙoƙari ƙwarai. Ya lissafo manyan jiragen ruwa, ya yi bayanin ƙarfin masana'antun Amurka, ya rufe da bam ɗin Hiroshima. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ban ga ko layi ɗaya ba kan samarin da suka tuƙa jiragen saman da ke tashi daga doron waɗannan jiragen ruwa. Ni tsohon malamin tarihi ne, kuma na daɗe da ganin cewa yadda kowace ƙasa ta horar da matuƙanta, da darajar da ta bai wa ransu, sun yi tasiri a kan yaƙin nan kamar yadda yawan ƙarfe ya yi. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi dalilina.

A fara da aikin kansa. Matuƙin sojan ƙasa yana sauka a fili mai faɗi wanda ba ya motsi. Na sojan ruwa kuwa filinsa doron jirgi ne, tsawonsa bai fi mita 260 da 'yan kai ba a manyan jiragen Amurka na lokacin, yana tafiya, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana sauke shi, kuma gabansa cike yake da wasu jiragen da aka jera. A bayan jirgin akwai wayoyin ƙarfe da aka gitta, a wutsiyar jirgin sama akwai ƙugiya. In ƙugiyar ta kama waya, an sauka. In ta kuskure, sai shingen da aka kafa don kare jiragen gaba ya tare shi, ko ya zarce cikin ruwa. Akwai hafsa guda da ke tsaye a gefen hagu na baya riƙe da faifai biyu a hannuwansa, shi ma matuƙi ne, yana nuna wa mai saukowa ya yi sama ko ya yi ƙasa, ya kashe wuta ko ya sake zagayowa. Umarninsa na ƙarshe ba a jayayya da shi. Kafin ma a kai ga sauka, sai mutum ya nemo jirginsa a tsakiyar teku, bayan ya yi awoyi a sama jirgin kuma ya bar inda aka baro shi. Da allon lissafi a gabansa yake auna iska da gudu da lokaci, yana tuƙi, mai yana raguwa.

Amurka ta san ba a haifar mutum da wannan iyawa, sai ta kafa hanyar koyar da dubbai. Ana fara kai yaro wata jami'a, kamar ta North Carolina ko ta Iowa, ya sha motsa jiki da iyo da lissafi. Daga nan sai ƙaramin jirgin koyo na Stearman mai fukafukai biyu sama da ƙasa, wanda ake shafa wa rawayan fenti. Sai manyan sansanoni irin su Pensacola a Florida, wanda aka buɗe tun 1914, da Corpus Christi a Texas, wanda aka buɗe a 1941. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da suka yi ta koyar da sauka. Jiragen ƙarƙashin ruwan Jamus suna farauta a gaɓar Atlantika, jiragen dakon jiragen sama kuma duk suna fagen daga. Sai suka sayi tsofaffin jiragen yawon buɗe ido guda biyu masu aiki da kwal, suka sare samansu, suka shimfiɗa musu doro, suka sa musu suna Wolverine da Sable, suka ajiye su a tafkin Michigan kusa da Chicago, inda abokin gaba ba zai iso ba. Ɗalibi yakan taso daga sansanin Glenview da ke kusa, ya sauka ya tashi sau 8, a ba shi shaida. Matuƙa sama da 17,000 ne suka bi ta wannan tafki. Jiragen sama fiye da 100 sun nutse a cikinsa wajen koyo, daga baya aka tsamo wasu aka kai su gidajen tarihi.

Ba na cewa sun fara da ƙafar dama. A yaƙin Midway, wani tsibiri a tsakiyar Fasifik, ranar 4 ga Yuni 1942, runduna ta 8 ta jiragen saman Amurka masu jefa torfido, wato bam mai gudu a cikin ruwa, ta taso daga jirgin dako mai suna Hornet da jirage 15 da mutum 30, ƙarƙashin jagorancin John Waldron. Jiragen tsofaffi ne masu nauyin tafiya, babu masu rakiya, kuma da yawa cikin samarin ba su taɓa jefa torfido ba sai ranar. An harbo su duka. Mutum ɗaya ne ya rayu, George Gay, ya kwana a ruwa kafin jirgin ceto ya ɗauke shi washegari. Wannan asara ce ta tura yara aikin da ba a gama koya musu ba, kuma duk mai rubuta tarihi da gaskiya bai kamata ya rufe ta da labarin nasarar da aka samu a ranar ba.

Amma a dubi abin da suka yi da waɗanda suka tsira. John Thach ya ƙirƙiro dabarar da jirage biyu za su riƙa saƙawa da juna, kowa yana kare bayan ɗan'uwansa, don jirginsu Wildcat bai kai Zero na Japan saurin juyawa ba. Ya gwada ta a Midway, ta yi aiki. Bayan yaƙin na Midway sai aka janye shi daga fagen daga aka mai da shi gida ya koyar. Haka aka yi wa da yawa daga cikin ƙwararru. Wanda ya ga wuta da idonsa shi ke tsayawa gaban sabbin ɗalibai ya ce musu kada ku bi Zero a juyi, ku faɗo masa daga sama ku wuce.

Japan ta shiga yaƙin da matuƙan da babu kamarsu a duniya, wannan ba a musu. Zaɓensu mai tsanani ne. Saburo Sakai, ɗaya daga cikin fitattunsu, ya ce a ajinsu na 1937 an ɗauki mutum 70 cikin masu nema 1,500, kuma 25 ne suka kammala. Irin wannan tacewa takan fitar da gwanaye, amma kaɗan, kuma tsari ne na mai tsammanin gajeren yaƙi. Da yaƙin ya ja, sai aka bar gwanayen a fagen daga har sai an kashe su ko an raunata su. Mutane kan ɗauka a Midway suka ƙare, saboda nutsewar jiragensu na dakon jiragen sama guda huɗu, Akagi da Kaga da Soryu da Hiryu. A gaskiya ma'aikatan sama kimanin 110 suka rasa a can, tare da ɗaruruwan ƙwararrun makanikai. Inda suka zube da gaske shi ne tsibiran Solomon, a watannin gumurzun tsibirin Guadalcanal da bayansa, kullum ana tashi, kullum ana komawa babu wasu. Jirgin Zero ba shi da sulken da zai kare matuƙi, tankin mansa kuma harsashi kaɗan ke kunna shi. Manomi ne ya cinye irinsa, damina ta zo babu abin shukawa. Ga ƙarancin mai ya sa an rage awoyin koyo. A yaƙin tekun Filifin, ranar 19 ga Yuni 1944, sabbin matuƙan Japan suka gamu da Amurkawan da suka sha horo, aka kakkaɓo musu jirage sama da 300 a yini ɗaya. Zuwa Oktoban shekarar, a Leyte ta ƙasar Filifin, Japan ta fara tura samari su faɗa da jiragensu kan jiragen ruwan Amurka. Ina jin zafin wannan har zuciyata, domin yawancinsu ɗalibai ne da ba a ba su lokacin zama matuƙa ba, shugabanninsu kuma su ne suka ɓarnatar da malaman da za su koyar da su.

Washegarin wancan yini na tekun Filifin, 20 ga Yuni, an ga ɗaya fuskar. Admiral Marc Mitscher na Amurka ya tura jirage sama da 200 da yamma liƙis su bi rundunar Japan zuwa iyakar inda mansu zai kai. Suka juyo cikin duhu, yawancinsu ba su saba sauka da dare ba, tankuna sun kusa ƙafewa. Ƙa'ida ita ce jirgin yaƙi ba ya kunna fitila da dare, don jiragen ƙarƙashin ruwa. Mitscher ya ce a kunna. Aka haska sama da manyan fitilu, aka ce kowa ya sauka a duk jirgin da ya samu. Duk da haka jirage kusan 80 suka faɗa ruwa ko suka tarwatse a doro, amma an bi dare da kwanakin da suka biyo ana tsamo mutane, aka ceto mafi yawansu. Kwamanda ya sa manyan jiragensa cikin haɗari saboda samarinsa, kuma duk rundunar ta gani.

Ceton nan ba sa'a ba ce, tsari ne. Akan ajiye jiragen ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin da za a kai wa hari, aikinsu kawai ɗaukar waɗanda aka harbo, ga jiragen Catalina masu sauka kan ruwa. George Bush babba, wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, ya samu muƙaminsa a Corpus Christi a Yunin 1943 kafin ya cika shekara 19, ya koyi sauka a kan Sable. An harbo jirginsa Avenger a tsibirin Chichijima na Japan ranar 2 ga Satumba 1944, jirgin ƙarƙashin ruwa Finback ya tsamo shi. Abokan tafiyarsa biyu ba su tsira ba. Na ambace su da gangan, domin a kan manta cewa bayan matuƙi akwai mai rediyo da mai bindiga, waɗanda ba su riƙe da sitiyari, ransu yana hannun wanda ke gaba.

Akwai kuma abin da ba zan tsallake ba. Wannan runduna da ta san darajar matuƙi ta ƙare yaƙin duniya ƙofar makarantunta na tuƙi a rufe ga baƙar fata. Sai a Oktoban 1948 Jesse Brown, ɗan manomi daga Mississippi, ya zama baƙar fata na farko da ya kammala horon. A yaƙin Koriya, ranar 4 ga Disamba 1950, an harbi jirginsa Corsair kusa da tafkin Chosin, ya faɗa kan dutse cikin dusar ƙanƙara, ƙafarsa ta maƙale. Abokin tashinsa Thomas Hudner, farar fata, ya kifar da nasa jirgin da gangan kusa da shi don ya ciro shi. Shi da matuƙin helikwaftan ceto suka yi ta fama da gatari har duhu ya shigo, ƙarfen bai saki ba. Brown ya rasu a cikin jirgin yana da shekara 24. Hudner ya karɓi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka daga hannun Shugaba Truman a 1951.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, tsohon malamin tarihi