Shagon littattafai ko fataucin shinkafa? Ina neman shawara

Assalamu alaikum Malam. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Na daɗe ina sauraron shirinka, ban taɓa tsammanin wata rana ni ma zan rubuto ba, sai ga shi al'amari ya sha mini kai.

Ni matashi ne ɗan shekara 29, mazaunin Birnin Kebbi. Shekarata 9 ke nan ina tsaron shagon littattafai na wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, wanda muke kira Baba Alhaji. Da na gama sakandare babu halin ci gaba, sai ya ce in zo in riƙa taya shi shara da ɗauko kwali. Shago ne ɗan ƙarami, mutum uku suka shigo ya cika. Amma Malam, a cikinsa na yi karatun da ban yi a aji ba.

Ranar farko Baba Alhaji ya ce da ni, wanda bai san abin da ke cikin littafi ba, bai kamata ya miƙa wa mutum shi ba. Daga nan na fara. Bayan azahar kasuwa kan yi sanyi, sai in jingina da kanta in buɗe. Da Ruwan Bagaja na fara, na koma kan Magana Jari Ce, na bi littattafan hikaya ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, na shiga na tarihi. A nan na san cewa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan Gwandu kusa da mu, ya bar littattafai masu yawa, har da tafsirin Alƙur'ani sukutum, Diya'ut Ta'wili. Na ji kunya ƙwarai, don na sha wucewa ta Gwandu a mota ban san nauyin garin ba. Da dare kuma na koma zaure wajen wani malami, na sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, yanzu ina cikin Risala, duk don in iya amsa wa mai saye idan ya tambaye ni wanne ke bin wanne.

Kuma ina son aikin kansa, har ƙurar hunturu da nake kakkaɓewa kowace safiya da tsumma, har yaƙin da muke yi da gara in damina ta faɗi. Akwai wani tsoho da ke zuwa daga ƙauye duk gabanin Mauludi neman Ishiriniya. Ba ya karɓar kowane bugu sai mai rubutun warash, manyan baƙaƙe, don idonsa ya yi rauni. Yakan buɗe tsakiya, ya kara a fuska, ya rera baiti biyu a hankali, sannan ya kwance bakin aljihu. Akwai matan aure da ke aiko ƙannensu da 'yar takarda a dunƙule, an rubuta sunan littafin da ake so haya, a ƙasa kuma an ƙara da cewa in babu na biyu kar a kawo na ɗaya. Wata yarinya da na taɓa ba ta rancen littafin tambayoyin JAMB, ta dawo bayan shekaru ta ce mini ta gama jami'a. Ranar ban iya cin abinci ba don murna.

To ga inda gizo ke saƙar. Kasuwar ta ja baya, ba zan ɓoye maka ba. Littattafan hikaya sun koma cikin waya, marubuta na sakin su a WhatsApp shafi-shafi, masu haya sun ɗauke ƙafa. Ɗalibai su ma sai su ce an turo musu a waya. Takarda ta yi tsada, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ɗauko kaya daga Kano ya ninka. A da Baba Alhaji da kansa yake zuwa Kurmi da Sabon Gari ya zaɓo, yanzu saboda halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ke ciki sai dai mu yi waya a ɗoro mana a mota, wani lokaci a buɗe kwali a tarar da bugun jabu, shafuka a juye. Abin da ke riƙe da mu shi ne watan Satumba in an koma makaranta, da azumi in ana neman Alƙur'ani da littattafan addu'a. Tsakanin nan sai a wuni ba a yi cinikin kirki ba.

Watan jiya Baba Alhaji ya zaunar da ni ya ce ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa kuma babu mai sha'awa. Yana so ya bar mini shagon da kayan ciki, in riƙa biyansa kaɗan-kaɗan, ba ya so ya ga an mai da wurin shagon cajin waya yana raye. Da ya faɗi haka sai da idona ya kawo ruwa.

A makon kuma Yayana, wanda ke fataucin shinkafa tsakanin Argungu da Jega, ya kira ni. Ya ce zai ba ni jari in bi shi, a kaka ɗaya zan samu abin da ban samu a shekara a shago. Gaskiya ya faɗa, na gani da idona, ya yi gini ya kai Inna Makka. Ya ce jarin na shinkafa ne, ba zai zuba kuɗinsa a takarda ba. Ga shi an sa mini rana bayan babbar Salla, kuma kawun yarinyar ya fara tambaya ko abin da nake samu zai riƙe gida. Ita dai ta ce duk wanda na zaɓa tana tare da ni, amma na san ba ta taɓa ganin littafin cinikinmu na watan Yuli ba. Inna kuwa ta ce in yi istihara, na yi, har yanzu zuciyata na wajen shago, lissafi na wajen Yaya.

Na yi tunanin haɗa biyun, in sa yaro a shago ni in bi fatauci. Sai dai na san shagon littafi ba kamar na sabulu ba ne, in mai tsaro bai karanta ba, tsohon nan mai Ishiriniya ba zai dawo ba. Na kuma yi tunanin ƙara kayan rubutu da injin hoton takardu, ko za su ɗauki nauyin haya, amma wannan ma jari yake so.

Malam, don Allah ka duba mini. Son kai ne in riƙe sana'ar da raina ke so alhali ga aure a gabana, ga mahaifiya da ke da haƙƙi a kaina? In kuma na bi Yaya, da wane baki zan gaya wa dattijon da ya riƙe ni shekara 9 kamar ɗan cikinsa? Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo masa amsa. In akwai masu sauraro da suka taɓa riƙe irin wannan shago, ina roƙon su ma su faɗa mini yadda suka yi.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naka,
Mai tsaron shagon littattafai,
Birnin Kebbi.