Rahoton Shekara Ga 'Yan Ƙungiyar Masu Lambu

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa da sauran 'yan'uwa.

An yi tarurrukan wata-wata, kuma fuskokin da kuka sani ne dai suke zuwa.

Na san tambayar da ke bakin kowa: ina injin ban ruwa mai sola? Ba a saya ba, domin kuɗin bai taru ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muke kukan fetur yana cinye ribar noman rani, kowa ya yarda sola ce mafita, amma ko rabinmu ba su biya kuɗin wata ba. Ma'aji ya bi mutane har gida, amsar ɗaya ce: "sai na sayar da albasa." An sayar, an yi biki, har yau shiru. Littafi yana nan ga mai zargi. Rudun ajiyar albasa ma ya tsaya a ginshiƙai saboda wannan dalili, kuma waɗanda ba su biya ba su ne za su fi kowa ƙorafi idan suka karyar da kaya a kaka.

Abin da ya faranta rai shi ne ranar matasa da muka yi da hunturu a fadamar Kwalkwalawa. Shekara da shekaru muna cewa yara sun guje wa lambu sun koma kabu-kabu da Keke. Bana sai muka sauya salo: duk yaron da ya zo an yanka masa fangali nasa, an ba shi irin dashe, aka ce abin da ya fito nasa ne. Wallahi tun kafin hantsi wurin ya cika, har da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da suka tsallako. Dattawa suka tuɓe manyan riguna suka nuna yadda ake tazarar dashen albasa da yadda ake kora ruwa ba tare da ya kwanta ba. 'Yan mata suka ɗauki buhunan da aka cika da ƙasa da takin gida domin shuka salak da alayyafo a tsakar gida. Da salak ya yi, yaran suka ɗora hotonsa a WhatsApp, masu saye suka riƙa zuwa har bakin lambu ba tare da dillali ba. Allah Ya saka wa iyaye mata da suka yi mana fura.

Sai dai fangalan aro ne daga mutum ƙalilan. Akwai masu fili a cikinmu da suka bar shi ga ciyawa, suna jiran mai ginin gida ya taya, amma sun ƙi ba yaro ko taku biyar. Yaron da zai wuni yana ban ruwa a lambun babansa a ba shi kuɗin abinci kawai, ba zai dawo baɗi ba.

A taro mai zuwa za a karanta sunayen masu bashi. Mai fangalin da zai bayar ya ga ma'aji kafin lokacin yafa iri.

Sakataren Ƙungiya, Sakkwato