Tsinke uku na gwada, kowanne da abin da ya nuna min

Assalamu alaikum Anti Likita,

Da fatan kina lafiya ke da iyali. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan fili, domin akwai maganar da mace ba ta iya faɗa wa ko mahaifiyarta, sai ta ga an amsa ta a nan. Don Allah ki sakaya sunana.

Shekaruna 27. Aurena zai cika shekara 4 bayan Babbar Sallah, kuma har yanzu Allah bai ba mu haihuwa ba. Abin da ya sa na rubuto miki tambaya ce da wani mai kemis ya yi min shekaranjiya. Zazzaɓi da ciwon kai suka rufe ni, na je sayen maganin maleriya, sai ya ce, "Hajiya, akwai juna biyu ne?" Na yi tsaye ina kallonsa. Tsinken gwajin ciki uku na yi amfani da su cikin mako guda, amma na kasa ce masa e, na kasa ce masa a'a. Paracetamol kawai na saya na dawo gida.

Sai na fara ba ki labarin bara kafin ki gane dalilin tsorona. Bara da damina al'adata ta yi jinkirin kwana 3, na gwada, layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro. Ban iya riƙe murnar ba, a daren na nuna wa maigida. Shi ma bai iya riƙewa ba, gari na wayewa ya faɗa wa mahaifiyarsa, kuma gida ɗaya muke da Hajiya. Bayan kwana 5 jini ya zo, da ciwon mara da ya fi na kullum. Likitan da na gani ya ce ciki ne na gaskiya, amma ya zube tun bai kafu ba, kuma irin wannan ɓarin na farko-farko yana faruwa da mata da yawa, wasu ba sa ma sani, ɗauka suke al'ada ce ta makara. Hajiya kuwa cewa ta yi dama babu wani ciki, tsinken kemis ne ya ruɗe ni, su a zamaninsu sai mace ta yi ɓatan wata biyu ko uku ake maganar ciki. Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani, lallashina take yi. Amma maganar ta fi min ɓarin ciwo, domin ko baƙin cikin ban samu damar yi ba. Ta yaya za ki yi kukan abin da aka ce bai taɓa kasancewa ba? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Yanzu ga halin da nake ciki. Al'adata ba ta da rana ɗaya, wani watan kwana 29, wani watan har 34. Yau kwana 39 da fara ta ƙarshe. A rana ta 26 da ta 27 na ga ɗigon jini kaɗan, baƙi-baƙi, bai kai in sa audugar mata ba, daga nan ya ɗauke. Na zaci al'adar ce ta yi sammako, har na ajiye salla yini guda, sannan na yi wanka na ci gaba. Har yau zuciyata ba ta natsu da sallar ranar ba. Malamarmu ta Islamiyya ta taɓa koya mana cewa a mazhabar Malikiyya mai ciki ma tana iya ganin haila, to hukuncin zan kai mata shi. Abin da nake so daga gare ki shi ne ta fuskar likitanci, wannan ɗigon mene ne? Na ji ana cewa wasu matan suna ganin irinsa lokacin da ciki yake mannewa a jikin mahaifa.

Gwajin farko a rana ta 30 na yi shi, da la'asar, bayan na sha zoɓo mai sanyi da ruwa da yawa saboda zafi. Layi ɗaya. Na biyu a rana ta 33, da fitsarin asuba. Na jira minti 5 kamar yadda aka rubuta a ledar, layi ɗaya, na jefa shi a kwando. Bayan kamar awa guda na je zubar da shara, idona ya faɗa kansa, sai ga wani siririn layi ruwan toka kusa da na farkon. Anti, hannuna rawa ya dinga yi. Na kai shi bakin taga, na haska shi da fitilar waya, na ɗauki hotonsa na buɗa. Na uku a rana ta 36 na yi shi, shi ma da asuba, amma a wani kemis daban na sayo. Kafin minti 3 layi na biyu ya fito, ruwan hoda, sai dai dishi-dishi, bai kai rabin ƙarfin ɗan uwansa ba.

Ina da yaya, 'yar kawuna, ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Ita kaɗai na kira. Ta yi min bayani da haƙuri. Ta ce tsinken wani sinadari yake nema a fitsari, sunansa hCG, kuma jiki ba ya fara fitar da shi sai ƙwan ya manne a mahaifa, wajen kwana 6 zuwa 12 bayan fitarsa. Daga nan yake ninkuwa kusan duk kwana 2 zuwa 3. Yawancin tsinkayen kemis sai ya kai ma'aunin 25 suke gani, gwajin jini kuwa yana kama shi tun yana ƙasa da haka sosai. Ta ce tunda watana yana kaiwa kwana 34, ƙwaina zai iya fita a makare, wajen rana ta 20, don haka gwajin rana ta 30 garaje na yi, ga shi kuma na tsinka fitsarin da ruwa. Layin tokar nan ta ce in manta da shi, shatin fitsari ne da ya bushe, duk abin da ya fito bayan lokacin da aka rubuta ba a lissafa shi. Na ukun kuwa ta ce layi mai launi da ya fito a kan lokaci, komai dusashewarsa, ciki ake ɗaukarsa. Har ta yi min barka.

Na gode mata, amma barkar ba ta shiga zuciyata ba. Bara ma layi biyu ne, kuma sun fi wannan fitowa. A kwalin tsinken an rubuta cewa ingancinsa ya haura kashi 99 cikin 100. Ina so ki gaya min gaskiya, wannan lissafin daga wace rana yake fara aiki? Yaya ta ce daga ranar da ya kamata al'ada ta zo ne, ga wadda ta bi ƙa'ida. To macen da ba ta san ranar da al'adarta za ta zo ba fa, daga ina za ta fara ƙirga?

Akwai kuma maganar ajiya, wadda ba na jin ana yawan yi. Da na karanta ledar da kyau na ga an ce kada a ajiye shi a zafin da ya wuce digiri 30. Shagon da na sayi biyun farko rufin kwano ne, ba fanka sai an kawo wuta, tsinkayen suna rataye kusa da ƙofa, kuma a bazarar nan ranar Arewa tana kaiwa digiri 40. Kwanan watan lalacewarsu bai yi ba, na duba. Amma zafi zai iya kashe tsinke ya nuna babu alhali akwai? Zai iya kuma sa shi ya nuna akwai alhali babu? Wannan na biyun shi ne yake hana ni barci.

Jikina kuma ba shaida ba ne da zan dogara da shi. Nonuwana sun yi nauyi suna ciwo, kasala ta yi min yawa, ina tashi fitsari sau biyu ko uku da dare, ƙamshin daddawa idan ana kaɗa miya yana tayar min da zuciya, bakina kullum cike da yawu. Duk wadda ta ji za ta ce laulayi ne. Amma a shekara huɗun nan watanni nawa na ji rabin waɗannan alamomin, na fara lissafin watan haihuwa a zuciyata, sannan al'ada ta zo? Yaya ta ce sinadarin da ke hauhawa kafin al'ada shi ne dai yake hauhawa a farkon ciki, shi ya sa alamomin suke kama da juna. Ga zazzaɓi kuma ya shigo ya cakuɗa komai. Akwai wata alama ɗaya da za ta raba laulayi da gabatowar al'ada, ko kuwa babu sai gwaji?

Wata maƙwabciyata ta ce in zuba gishiri a fitsarin asuba, idan ya yi guda-guda ciki ne, a TikTok ta gani. Ban yi ba, ban yarda da shi ba. Ki dai yi magana a kansa saboda matan unguwarmu da yawa sun riƙe shi.

Abu na gaba magani ne. Wata uku ke nan likita ya ɗora ni a kan Clomid, ƙwaya ɗaya kullum na kwana 5 a farkon wata, don ƙwai ya fita. Wata ƙawata da aka yi wa allurar fasa ƙwai ta gwada da wuri ta ga layi biyu, ashe allurar ce, domin ita kanta hCG ce, tana iya ɗaukar har wajen mako biyu kafin ta bar jiki. Ni ba a yi min allura ba, ƙwayar kawai na sha. Ita ma tana iya ruɗa tsinke?

Batun zazzaɓin, Yaya ta yi min faɗa, ta ce mai ciki ba ta zama da zazzaɓi a ɗaki. Jiya na je ƙaramin asibitin unguwarmu aka gwada maleriya, babu, kuma yau da sauƙi, alhamdulillahi. Ta gargaɗe ni kada in sha Fansidar a wata ukun farko, kada kuma in sha wani magani ba da sanin likita ba, in ci gaba da folic acid ɗin da nake sha kullum. Na so in ce su yi min gwajin jini na ciki a can, amma mai ɗibar jinin 'yar layinmu ce, kafin in iso gida labari zai riga ni. Na haɗiye maganar.

Wanda ya fi damuna shi ne jiƙon da Hajiya take ba ni. Sassaƙe ne da wasu saiwoyi da aka aiko mata daga ƙauye, na neman haihuwa da wankin mahaifa, safe da yamma. Ban san abin da ke ciki ba. Tun ranar da na ga layin hodar nake karɓa da hannu biyu in yi godiya, in shiga ɗaki in zubar. Ban saba yi mata haka ba, kuma abin yana ci min rai, domin tsohuwar nan da kuɗinta take saye, jikanta take so. Idan na ce na daina sha za ta tambayi dalili, idan na faɗi dalili mun koma bara. Kofunan da na sha kafin in sani fa, za su iya taɓa cikin idan akwai shi?

Tun daren jiya kuma ina jin ɗan suka a ɓangaren hagu na marata, yana zuwa yana tafiya, ba mai tsanani ba. Yaya ta ce cikin da ya zauna ba a cikin mahaifa ba ma layi biyu yake nunawa, tsinke ba ya faɗin inda ciki ya zauna. Ta ce idan ciwon ya tsananta a gefe ɗaya, ko jini ya zo, ko jiri, ko ciwon kafaɗa, ko tsakar dare ne in tafi asibiti, kada in jira kowa. Na riƙe wannan, kuma na yi niyyar ranar Litinin in koma wajen likitana ko da ciwon ya lafa. Ki taimaka ki gaya min abin da zan roƙa a yi min. Gwajin jini sau ɗaya ya isa, ko sai an maimaita bayan kwana 2 a ga yana ninkuwa? Sikanin kuma na ji an ce kafin mako 5 ba a ganin komai, bugun zuciya sai wajen mako 6 ko 7. Ina tsoron a yi min shi da wuri a ce ba a ga komai ba, in dawo gida da sabon tashin hankali. Makonnin ma daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake ƙirga su ko ga mai irin watana?

Maigida yana Legas wajen aiki, ranar Juma'a zai dawo. Mutumin kirki ne, bai taɓa goranta min ba, kuma haƙƙinsa ne ya sani. Kullum da dare yana kira ya ce, "Muryarki ta canza, me ke damun ki?" in ce zazzaɓi ne. Ina so in faɗa masa, domin nauyin ya yi min yawa ni kaɗai, kuma idan ciwon nan ya tashi shi zan fara nema. Amma na san ba ya iya ɓoye wa mahaifiyarsa farin ciki, fuskarsa ma kaɗai za ta faɗa. In jira sakamakon jini tukuna, ko in faɗa masa a waya yau in roƙe shi ya riƙe? Kuma da waɗanne kalmomi zan daina karɓar jiƙon nan ba tare da na ɓata wa Hajiya rai ba?

Akwai sauran tsinke ɗaya a jakata, na kemis na biyu. Yaya ta ce in bar shi sai gobe da asuba in ga ko layin ya ƙara duhu. Ki sa ni a addu'a, Anti.

Wassalam,
Ƙanwarki daga Zariya